Kada Ki Raɗa wa Dutsen Mayo Dunde Suna Saboda Ni

Jalingo,
ƙarshen damina.

Zuwa ga 'yata Briskila,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina fatan takardar nan ta same ki kin sauka Jos lafiya, kin sami ɗaki, kin kuma fito da bargon nan tun kafin sanyin garin ya gaishe ki. Mamanki ce za ta cusa takardar cikin jakarki, ƙarƙashin ƙullin yajin da ta daka miki, na kuma roƙe ta kada ta ce miki komai a tasha. Allah ya tsare hanya, ya raba ku da direba mai gaggawa, ya sa ki iske mutanen kirki a inda za ki zauna.

Za ki ce me ya hana ni faɗa miki da baki, alhali muna gida ɗaya. Kin san dalili. Ni da ke ba ma doguwar magana sai ɗayanmu ya ɗaga murya, mamanki ta fito da ludayi a hannu tana cewa maƙwabta na ji. Halina kika ɗauko, ba na musu. To a takarda dai ba za ki katse ni ba.

Tun ranar Lahadi, da muka dawo daga sujada muna cin abinci, kika ce aikin digirinki na biyu a kan shimfiɗun dutsen rafin Mayo Dunde za ki yi shi, kuma sai kin tabbatar wa malamanki cewa fomeshan ne, wato jerin shimfiɗun dutse mai zaman kansa, wanda ya cancanci suna a taswira, ban ƙara zama wuri ɗaya ba. Kowa ya tafa. Ni ma na yi murmushi, amma tuwon bai wuce mini ba. Na fara rubutun nan a ofis, na kasa, na dawo gindin mangwaro, na tashi na zaga gidan, na leƙa awaki ba gaira ba dalili. Mamanki ta ce, "Baban Briskila, ko dai cinnaka ne a kujerar?" Abin da ke cizona shi ne, za ki zuba shekarun ƙuruciyarki a kan maganar da ni ubanki na faɗa, wadda ni kaina ban taɓa iya tabbatarwa ba.

Na san kin karanta duk abin da zan faɗa, kin ma fi ni sanin sababbin littattafai. Ki yi haƙuri ki bar tsoho ya maimaita, don ni ba a aji na koye shi ba kawai, a ƙafa na koye shi, da kunya.

Lokacin da na fara aikin binciken duwatsu, muna Gongola ba a ba mu jiha ba tukuna, ogana wani Mista Udo ne, mutumin kudu, gajere, mai Hausar da ba ta san mace ba ta san namiji ba. Ya tura ni wajen Lau in bi wani rafi in rubuta abin da na gani. Na ga dutsen yashi ja wur, na ce ai wannan ko makaho ya san dutsen da muke kira Bima ne. Na shafa wa taswira launin Bima tun daga bakin hanya har tsauni, na dawo ina taƙama na gama da wuri. Ya duba, ya dube ni, ya ce, "Iliya, kai ya fasa dutse, ko kai ya gaishe shi kawai?" Washegari ya sa ni gaba muka koma. Ya ɗaga guduma ya ba dutsen sau ɗaya, sai ga cikinsa toka-toka, yashinsa laushi, ga siraran layukan laka a tsakani. Jan nan duk tsatsa ce ta ruwa da rana, ba ta wuce kaurin farce ba. Dutsen da muke kira Yolde ne, ba Bima ba. Ya sa na goge taswirar a gabansa, direba na kallo.

To ki ji. Launi maƙaryaci ne, kada ki taɓa yarda da fuskar dutse. Ki fasa shi ki ga sabon ciki. Ki murza shi a yatsa ki ji ko yashin gwaza-gwaza ne ko laushi. Ki ɗiga masa asid ki ga ko zai yi kumfa, in ya yi, dutsen farar ƙasa ne. In kina shakka tsakanin laka da ƙurar yashi, ki sa ɗan guntu a haƙori: laka narkewa take, yashi kuwa sai ya yi ƙaras-ƙaras. Na san kina jin kunyar wannan, tun ranar da ƙawayenki suka gan ni ina tauna dutse a bakin hanyar Kona suka ce babanki ya taɓu. Ki tauna abinki. Haƙori bai taɓa yi mini ƙarya ba.

Kuma ki tuna abin da ya sa ake raba su tun farko. Bima rafuka ne suka zuba shi, shi ya sa yashinsa manya, shimfiɗunsa masu kauri, sun karkata nan sun karkata can yadda ruwa ya ga dama, ba za ki sami ƙumba ko katantanwar teku a ciki ba. Yolde kuwa lokacin da teku ya fara leƙowa ne, yashi ya yi laushi, laka ta fara shiga tsakani, yau wannan gobe wancan. In kika ci gaba da hawa har kika taka shimfiɗar farko ta dutsen farar ƙasa, kin fita daga Yolde ke nan, kin shiga Dukul. Ba wanda ya zana layin nan da biro don jin daɗinsa. Dutsen ne ya canza, mutum ya bi shi ya ce, ga inda wannan ya ƙare, ga inda wancan ya fara.

Shekara biyu ko uku bayan haka na faɗa Mayo Dunde. Ba nemansa nake ba, motarmu ce ta kafe, na bar Buba direba yana fama da ita na gangara rafin. Briskila, har yau in na rufe ido ina ganin gangaren nan. Daga ƙasa Bima ne sosai, mai gwaza-gwazan yashi. Sai kawai ya yanke, kamar an sa wuƙa. A kansa wasu shimfiɗu sirara, a jere daidai wa daida, toka-toka mai ɗan kore, suna tsagewa fale-fale, saman kowacce da zanen igiyar ruwa. Ba ƙumba ko ɗaya, ba laka irin ta Yolde. Na zauna a ƙasa. Zuciyata ta ce, Iliya, wannan ba Bima ba ne, ba Yolde ba ne, wani tafki ne ya kwanta a nan kafin teku ya iso, kuma ba wanda ya taɓa ba shi suna.

Da na yi hankali, da na kama bakina na ci gaba da tafiya. Ina! A taron ma'aikata na gaba a Yola na miƙe tsaye, ba wanda ya tambaye ni, na ce na gano sabon fomeshan, sunansa Mayo Dunde. Wasu suka fara yi mini barka. Mista Udo bai ko ɗago kai ba. Ya ce, "Ina gindinsa?" Na ce yana nan a gangaren, kowa na iya zuwa ya dafa. Ya ce, "Madalla. Ina kansa?" Na ce saman shimfiɗun ya shige ƙarƙashin baƙar ƙasar gonaki, ban ga inda suka ƙare ba. Ya ce, "Rafi nawa kai ya bi shi?" Na ce ɗaya. Ya ce, "Zauna."

Na zauna, kunnuwana na zafi. Na yi wata ba na gaishe shi da zuciya ɗaya. Amma gaskiyarsa ce, kuma tambayoyin nan uku su ne za a yi miki a Jos, ko da wane Turanci aka naɗe su. Kafin a ba jerin shimfiɗu suna, dole a sami wuri guda da za a kai baƙo a ce masa, ga shi nan, ga ƙasansa, ga samansa, ga abin da ya raba shi da na ƙasa da na bisa. Dole kuma ya yi faɗin da za a iya binsa daga rafi zuwa rafi a zana shi a taswira, ta yadda wanda bai san ki ba, ba ya kuma ƙaunarki, zai je ya gane shi da kansa. Abin da aka gani a rafi ɗaya tak, wataƙila ɗan kududdufi ne ya bushe a can, iyakarsa ke nan. Irin wannan ba a yi masa suna, sai dai a ce wani ɓangare ne na Yolde a wuce.

Na sha alwashin sai na nemo kan nan. Duk rani in ruwa ya janye, in an sami mai a mota, ina cikin rafuka. Na bi na gabas, na bi na yamma. A wurare biyu na ga abin da ya yi kama da shi, amma guntu-guntu, ba ƙasa ba sama. Kuma ga abin da ban taɓa gaya miki ba: a wani rafi na ga Bima ya hau kai tsaye ya shiga Yolde, ba ko shimfiɗa ɗaya tawa a tsakani. Na tsaya na daɗe, sannan na ce wa kaina ai ƙasa ce ta goce a wurin ta ɓoye su. Mai yiwuwa haka ne. Mai yiwuwa kuma so ne ya hana ni ganin laifi. Ki je rafin nan da kanki, yana bayan kasuwar da muke sayen kifi in za mu Lau, kada ki tsallake shi don ya ɓata miki lissafi. Wurin da ya ƙi yarda da ke, shi za ki fi daɗewa a kansa.

Sai maganar sunan kansa. Ranar Lahadi kin ce cikin wasa, in an yarda, Fomeshan Iliya za ki sa masa. Haba Briskila! Ni ƙauye ne, ko tsauni? Dutse ba ya ɗaukar sunan mutum. Sunan wurin da ya fi bayyana ake ba shi, don wanda ya ji sunan ya san inda zai nufa. Bima tsauni ne can ƙasar Gombe, Yolde rafi ne, Dukul ƙauye ne. Waɗanda suka raɗa sunayen sun mutu, wuraren na nan.

Ko a nan ma sai da na yi tuntuɓe. Ranar da na ga gangaren, na tambayi Buba sunan rafin, shi kuma ya tambayi wani mai shanu da Fillanci, aka ce Mayo Dunde, na rubuta, shi ke nan. Na yi shekaru ina kiransa haka. Wata rana ina aune-aune, wani dattijo Mumuye da gonarsa ta doya ke saman gangaren, wanda yakan aiko mini da ruwan sha, ya sauko ya tsaya a kaina. Ya ce me nake yi, na yi masa bayani, har da cewa wata rana sunan rafin nan zai shiga littafi. Ya ce wane suna? Na faɗa. Ya ce, "Wannan sunan masu wucewa ne. Mu da muke shan shi rani da damina, kai ba ta tambaye mu ba." Ya faɗa mini nasu sunan, ya juya ya hau abinsa. Bai yi faɗa ba, amma tun daga ranar bai ƙara aiko mini da ruwa ba. Daga baya na ji masunta na bakin kogi su ma da nasu sunan daban.

Ba na cewa na Fulani ƙarya ne, kowa da gaskiyarsa. Ina cewa sunan da kika sa a taswira zai fi ki daɗewa, yaran da ba a haifa ba za su haddace shi don jarrabawa. Saboda haka ki zauna da duk masu shan ruwan, ki sha abin da aka ba ki, ki tambayi kowa. Ki kuma bincika kada a ce wani ya riga ya ba wani dutse sunan a wani wuri, don na farko shi ke da shi, ko da naki ya fi daɗin faɗa.

Kai, na sake tashi. Rahila 'yar maƙwabta ta shigo neman turmi, na tsaya ina yi mata surutu kamar wanda ya ga baƙuwa daga nesa. Gudun abin da ke gaba nake, na sani.

Babban kuskurena ba a daji na yi shi ba, a tsakar gidan nan na yi shi. Tun kina rarrafe kike jin Mayo Dunde. Da faifan dutsensa ake danne murfin randa, da shi kika koyi rubutu da gawayi. Mamanki har cewa take shi ne ɗan farina, ke ta biyu. In na dawo daga daji na ɗora ki a cinya, ba na cewa "ina zato", cewa nake "na gano". Ba na gaya miki tambayoyin Mista Udo, sai dai in ce manya sun danne ni don ni ɗan ƙauye ne. Yaro kuwa abin da ubansa ya faɗa shi ne karatun farko. Kin girma kina jin haushin mutanen da ba su yi mini komai ba, kin shiga wannan karatu da niyyar rama mini. Na ga haka tun kina aji ɗaya a jami'a, ya yi mini daɗi, na yi shiru. Kada ki yi wa naki 'ya'yan haka. Abin da kike zato ki ce zato ne, ko da a gaban jariri.

Yanzu ga abin da ya hana tuwo wucewa. Watan jiya, da ruwa ya ɗan tsagaita, na ce bari in je in duba gangaren, na daɗe ban gan shi ba. Tun daga nesa na ga sabuwar hanyar tifa ta ratsa gonaki. Kin san tun da aka ba mu jiha Jalingo ba ta da aiki sai gini, kowa na neman dutse. Namu na nan gari baƙin dutse ne mai taurin kai, sai an ƙona an sha wuya. Na Mayo Dunde kuwa da ka sa ƙarfe sai ya tsage fale-fale, a shimfiɗa a tsakar gida, a yi daɓen baranda. Abin da ya bambanta shi da sauran duwatsu, shi ya jawo masa.

Briskila, gangaren babu shi. Rami ne yanzu, cike da jan ruwa da ɓaraguzai. Layin nan da nake cewa kamar an sa wuƙa, inda Bima ya yanke nawa ya fara, sun cinye shi tas, abin da ya rage sun binne da tarkace. Na iske mata da maza suna fasa sauran, suna lodi. Wani saurayi ya ce, "Baba, tifa nawa kana so?" Ban zage shi ba, abincinsa yake nema. Buba ya kama hannuna ya ce, "Oga, mu tafi, rana ya yi zafi." Muka hau mota muka kamo hanyar gida. Da muka shigo gari na ga faifan dutsena a barandar wani sabon gida, an jera tukwanen fure a kai.

Na so in gaya miki ranar Lahadi, na ga yadda idonki ke ƙyalli, na kasa. Ga shi na faɗa. A da ba ni da kai amma ina da gindi, yanzu ba kai ba gindi. Hotunan da na ɗauka sun dushe, kuma hoto ba ya kumfa in an ɗiga masa asid. Abin da ya rage na shaidar layin nan shi ne bakina. In malamanki suka ce ina ƙasansa, me za ki ce? Babana ya gani? Za su yi miki abin da aka yi mini a Yola, ke kuwa ba gaban abokan aiki ba, gaban masu riƙe da digirinki. Abin da ma ya fi ba ni tsoro shi ne kada su tausaya miki su bari ya wuce, ki sa ƙarya a taswira da hannunki saboda ni.

Ban ce ki bar aikin ba. In na ce haka ma ba za ki ji ba, na san 'yar wa na haifa. Cewa nake ki canza tambayar. Kada ki tafi neman hujjar cewa babanki ya yi daidai. Ki tafi ki tambayi rafukan nan me ke tsakanin Bima da Yolde, kamar ba ki taɓa jin sunana ba. Ki fara da inda na ce miki ban ga komai ba. Ki tafi da abokin aiki mai gardama, wanda ba ya jin nauyinki, kada ki tafi ke kaɗai, kuma kada ki shiga rafi in sama ta yi baƙi a gabas, ko da nan inda kike rana ake. Ki gaida mai gari kafin ki ɗaga guduma. Ki sa takalmin da na ba ki ko da ya yi miki muni.

In Allah ya sa kika sami wani rafi da ya nuna shimfiɗun nan da ƙasansu da samansu, kika bi su har suka zanu a taswira, to ki ba su sunan wancan rafin. Kada ki ce Mayo Dunde don ki faranta mini, ba a aika baƙo ya je ya duba rami. In kuwa kika yi tafiyarki kika ga ɗan kududdufi ne kawai na zauna ina yi wa waƙa shekara da shekaru, ki rubuta Yolde, ki ja layi a ƙarƙashi, ki sa hannu. Wannan ma aiki ne cikakke, ya isa digiri, ya kuma isa a ce ke ma'aikaciya ce.

Ba zan yi miki ƙarya in ce ba zai yi mini zafi ba. Zai yi, sosai ma. Ƙuruciyata na zuba a rafin nan, da gwiwoyina. Abu ɗaya nake roƙo. In haka ta kasance, kada ki bari in tsince shi a cikin kundinki, ko in ji a bakin wani a ofis. Ki hau mota ki zo gida, ki same ni a gindin mangwaro, ki dube ni ki ce, "Baba, ba ka yi daidai ba." Zan yi faɗa, zan ce ba ki iya fasa dutse ba, wataƙila in ƙi cin abinci ranar. Kada ki janye ko kalma ɗaya. Ki tsaya har in gama.

Mamanki na gaishe ki, ta ce ki riƙa cin abinci kafin ki fita, ki kuma nemi majami'a tun makon farko. Buba ya ce in kin zo aikin daji shi zai tuƙa ki, ko an ba shi izini ko ba a ba shi ba. Ubangiji ya kiyaye fitarki da shigarki, ya tsare ki daga maciji da ambaliya da mugun mutum, ya ba ki ido mai ganin abin da ke gabanki, ya dawo mana da ke lafiya da duk amsar da kika samo.

Ni ne babanki,
Iliya.